Albashin Marubucin Kotu a Kalifoniya: Daga Aljihun Gunduma zuwa na Jiha

A kotunan Amurka akwai wani ma'aikaci da ba a cika jin muryarsa ba, wato marubucin kotu. Yana zaune gaban alƙali da 'yar na'urar rubutun gaggawa, yana danna maɓallai da yawa lokaci guda, yana kama kalmomi 200 ko fiye a minti ɗaya. Duk abin da mai shaida ya furta, da tambayar lauya, da tsawar alƙali, sai sun shiga takardarsa. Da wannan takarda ake ɗaukaka ƙara.

A da, shekaru masu yawa, a jihar Kalifoniya mai gundumomi 58, gunduma ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin kotunan matakin farko. Majalisar jiha kan zauna ta rubuta wa gundumomi sashe-sashe a kundin doka kan albashin waɗannan marubuta, wannan daban, wancan daban. Ga albashi, ga kuma kuɗin da marubuci ke karɓa a kan kwafin da ya fitar wa masu shari'a. Gunduma mai arziki ta riƙe gwanaye, matalauciya ta yi ta fama, alhali dokar da ake hukunci da ita ɗaya ce.

Tun 1956 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Griffin da jihar Illinois, ta ce ba za a toshe wa fursuna hanyar ɗaukaka ƙara don ba shi da kuɗin kwafin shari'arsa ba. A Kalifoniya kuwa, a 1997 dokar Lockyer-Isenberg ta mayar da nauyin kotunan wuyan jiha, daga baya ma'aikatan suka tashi daga na gunduma suka zama na kotu.

Gyaran ya yi kyau, amma bai kai ba. Da tattalin arziki ya karye bayan 2008, jiha ta rage kasafi, kotuna da dama suka janye marubuta daga ƙararrakin da ba na laifi ba. Mai hali ya ɗauko nasa ya biya. Marar hali ya fita ba takarda, ko an zalunce shi ba abin nunawa a sama. Wannan, a ganina, shi ne babban aibin tsarin.

Wani fursuna da ya kai likita ƙara a San Diego ya gamu da haka. A 2018 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a shari'ar Jameson da Desta, ta ce wanda aka yafe wa kuɗin kotu saboda talauci, idan ya nemi marubuci, dole a samar masa.