An bar jaki ana dukan taiki: Katsina United da faɗuwar 2022

A watan Yulin 2022 aka rufe kakar gasar Firimiya ta Najeriya. Rivers United ta Fatakwal ta ɗauki kofi, ƙungiyoyi huɗu kuma suka faɗa gasar 'yan dagaji: Heartland ta Owerri, MFM ta Legas, Kano Pillars, da tamu, Katsina United. A nan yammacin jihar, daga Babban Duhu zuwa ƙauyukan Safana da Batsari, ba a ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba. A majalisa, a teburin mai shayi, a gidan kallon ƙwallo, hukuncin ɗaya ne: koci ne. Bai iya zaɓen 'yan wasa ba, bai san lokacin canji ba, in an je waje sai ya tara kowa a baya har a zura masa ƙwallo. Fushin yana da dalili, domin faɗuwa ba wasa ba ce. Amma wanda ya bi tarihin ƙungiyar tun daga tushe zai ga cewa koci ƙaramin kaso ne na abin da ke ɗaga ta, ko ya kayar da ita.

Katsina ba baƙuwar wasanni ba ce. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta haɗa karatu da wasannin motsa jiki, Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo kuma suka sa garin ya yi suna a wasan ƙwallon dawaki. Sai dai a ƙwallon ƙafa na ƙasa, maƙwabta ne suka daɗe suna riƙe da tuta. Kano ta ci kofin ƙalubale tun 1953. Mighty Jets ta Jos ta lashe gasar lig ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta lashe ta 1978. Lokacin duk Katsina lardi ce, daga baya ɓangaren jihar Kaduna. Sai a 1987 muka samu jiha, sai a 1994 aka kafa ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta.

Abin da ya biyo baya yaran yanzu ba su cika saninsa ba. Shekara uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, gasar da ta fi kowace daɗewa a ƙasar nan, tunda a 1945 aka fara ta. Sau ukun kuma ta dawo hannu rabbana. Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta a karon farko, Julius Berger ta Legas a na biyu, Eagle Cement ta Fatakwal a na uku. Da yake Shooting Stars ta haɗa lig da kofi a 1995, Katsina ce ta wakilci Najeriya a gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1996. Ƙungiyar da ba ta cika shekara uku da kafuwa ba, ga ta tana buga wasa da sunan ƙasa. Dattawanmu da suka saurari waɗannan wasanni a rediyo har yau suna ba da labarinsu, da alfahari da kuma takaici a haɗe.

Daga nan sai shiru. Ƙungiyar ta sauka daga babban rukuni, ta yi shekaru a ƙasa, har sunanta ya koma Spotlight. An haifi yara sun girma a jihar ba su taɓa jin sunan garinsu a teburin Firimiya ba. Su ne suka cika gidajen kallo da rigunan Arsenal da Chelsea da Real Madrid, ba don rashin kishin gida ba, sai don babu abin da za su riƙe a gidan. Wannan dogon zama a ƙasa ba koci ɗaya ne ya jawo shi ba. Masu horarwa da yawa sun zo sun wuce, ƙungiyar na nan inda take.

Abin da ya sauya shi ne hankalin gwamnati. A zamanin Gwamna Ibrahim Shema aka kammala babban filin wasa na Karkanda, wanda daga baya aka raɗa wa sunan Muhammadu Dikko. A zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, a 2016, aka maido wa ƙungiyar tsohon sunanta, ta samu gurbin hawa, ta fara buga Firimiya a kakar 2017. Hatta laƙabin da aka sa mata, Chanji Boys, duk wanda ya shaida siyasar 2015 ya san inda kalmar ta samo asali. Ba aibi ba ne, amma yana nuna abin da kowa ya sani: ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, daga baitulmali take ci, gwamnati ke naɗa shugabanninta, shugabannin su ɗauko koci. Haka Kano Pillars take, haka Wikki Tourists ta Bauchi, haka El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, haka mafi yawan ƙungiyoyin gasar. Kuɗin tikiti da na talla ba sa riƙe ƙungiya a Najeriya. Waɗanda attajirai da kamfanoni suka kafa, irin su Leventis United da Abiola Babes, sun watse tun ƙarshen shekarun 1980 da masu su suka janye hannu.

A irin wannan tsari, koci ma'aikaci ne da ke tsakiya. Ba shi ke sakin kuɗin sayen 'yan wasa ba, ba shi ke biyan albashi da alawus ba, kuma jinkirin biyan haƙƙin 'yan wasa tsohon ciwo ne a gasar baki ɗaya. Ba shi ke zaɓen motar da za a hau ba. Ƙungiya daga Katsina da za ta buga wasa a Uyo ko Aba ko Fatakwal, a mota take ratsa ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kan hanyoyin da mu mutanen bakin dajin Rugu mun fi kowa sanin haɗarinsu. A Maris ɗin 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A haɗa gajiyar hanya da yadda alƙalanci kan karkata ga mai masauki, sai a fahimci abin da ya sa cin wasa a waje ya zama abin nema a gasar tamu. Ƙungiya ashirin, wasa 38, rabinsu a gidan wani. Wanda ya yi sake da maki biyu ko uku a gidansa, da wuya ya rama su a waje.

Kakar da muka faɗi ta zo mana nan yamma a wani irin lokaci. A Satumban 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, Batsari da Safana na ciki. An hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura, an rufe kasuwannin dabbobi. Janareton gidan kallo da fetur yake aiki, sakamakon wasa kuma a waya matasa ke dubawa. Sai a ƙarshen shekara aka fara maido da layin, daidai lokacin da aka buɗe kakar a watan Disamba. Zuwa Karkanda kallon wasa, wanda ga mutumin birni kuɗin adaidaita ne kawai, ga mutumin Babban Duhu lissafi ne na hanya da lokacin dawowa kafin rana ta faɗi. Da yawanmu ba su ga wasa ko ɗaya da idonsu ba a kakar nan. Rediyo ce da bakin waɗanda suka je.

Wannan ne ya sa takaicin ya fi na mai goyon bayan wata ƙungiyar Turai nauyi. Shekaru ke nan in aka ambaci Batsari ko Safana a labarai, an kai hari ne, ko an kore shanu, ko an ɗauke mutane. Ranar wasa ce kaɗai ake jin sunan jihar a rediyo tare da wani abu da ba makoki ba. Faɗuwar ƙungiyar ta ɗauke wannan ɗan abin. Mutumin da ba shi da ikon tuhumar wanda ya hana shi noma gonarsa, yana da ikon tuhumar koci, kuma ba abin da zai same shi.

A tsakiyar Afrilun 2022, cikin azumi, Katsina United ta je Kano karawa da Pillars a filin Sani Abacha. Ƙungiyoyin biyu duk suna cikin matsi a teburi. Wasan ya tsaya kafin lokaci ya cika, magoya baya suka kutsa fili, aka farfasa motar baƙi. Kamfanin da ke gudanar da gasar a lokacin, LMC, ya ci tarar Pillars, ya cire mata maki uku, ya mayar da wasanninta na gida Abuja. A watan Yuni aka sake hukunta ta, aka dakatar da shugabanta bisa cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarsu da Dakkada. Wannan ita ce Pillars da ta ci lig a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Makin da aka zare mata ba a kan allon koci aka rasa su ba. Fushin masoyanta da hannun shugabanta ne suka zubar da su. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙarshenta maƙwabtan biyu da suka yi faɗa a Afrilu, tare suka sauka a Yuli.

Sai mu duba wadda ta ɗauki kofin. Eagle Cement da ta hana mu kofi a 1997 ita ce ta koma Dolphins, a 2016 kuma gwamnatin Ribas ta haɗa ta da Sharks aka samu Rivers United. Ita ma ta gwamnati ce kamar tamu. Bambancin shi ne tun ranar da aka kafa ta har lokacin da ta ɗauki kofin a 2022 Stanley Eguma ne kocinta, wanda dama shi ke horar da Dolphins. Ya yi kakanni ba kofi, an yi ta ƙorafi, amma an bar shi, an kuma ci gaba da zuba kuɗi, sai bayan shekara shida lig ya zo. Masu kallon ƙwallon Ingila sun san irin wannan labari. Alex Ferguson ya karɓi Manchester United a 1986, bai ci kofin farko ba sai 1990, lig kuwa sai 1993. Bayan tafiyarsa a 2013 ƙungiyar ta yi ta sauya masu horarwa, Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick, ta kuma ƙare kakar 2022 a matsayi na shida da maki 58. Magoya bayanta a gidajen kallonmu sun sha takaici biyu a shekara ɗaya.

Ba muna wanke koci ba ne. Akwai wasannin da tsari mara kyau ke zubarwa, akwai ɗan wasan da ake bari a benci ba dalili, kuma wanda ya karɓi aiki ya karɓi alhakinsa. Abin da tarihin ke nunawa shi ne korar koci ita ce hukunci mafi arha. Tana kwantar da hankalin 'yan kallo na mako biyu, tana kuma kare waɗanda ke sama daga tambaya: yaushe aka saki kuɗin kaka, wa ya zaɓo 'yan wasan, ina makarantar renon yara, me ya sa yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare na Runka ko Ruma ba shi da hanyar da za ta kai shi Karkanda?

A 2023 Katsina United ta dawo Firimiya, ita da Pillars da Heartland, tare da sabuwar Sporting Lagos. Kaka ɗaya kawai aka yi a ƙasa, ba kamar wancan karon ba, kuma mun yi murna. Sai dai tsarin da ya ɗaga ta a 1995, ya manta da ita shekaru, ya sake ɗaga ta a 2016, shi ne dai har yanzu. Wata kakar mara daɗi za ta sake zuwa, domin haka ƙwallo take, kuma za a sake kiran sunan koci a majalisa. In ranar ta zo, a kira shi, sannan a ɗaga kai a tambayi waɗanda suka ɗauko shi. Kuɗin da ake tafiyar da ƙungiyar na jiha ne, mutumin Babban Duhu yana da haƙƙi a cikinsu daidai da mutumin Ƙofar Soro.