Tarihin Wasannin Matasa a Talabijin ɗin Amurka: Masoya, Talla da Yawan 'Yan Kallo

Gabatarwa

Duk marubucin da ya taɓa fitar da littafi kasuwa ya san wani abu mai ɗaure kai, wato sau da yawa littafin da masana suka yaba shi ne yake yin kwantai, wanda suka kushe kuwa sai ka ga ana wawasonsa. Masu tsara wasannin kwaikwayo na talabijin a ƙasar Amurka sun daɗe suna fama da irin wannan matsala, musamman a ɓangaren wasannin da ake ginawa a kan rayuwar samari da 'yan mata 'yan makarantar sakandare. A wannan maƙala za mu bi tarihin waɗannan wasanni tun daga shekarar 1990, domin mu ga abin da ya sa wani wasan yake tara miliyoyin 'yan kallo, wani kuma a soke shi alhali masoyansa suna kuka da hawaye.

Yadda Kasuwar Take

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san yadda gidajen talabijin na can suke samun kuɗinsu. Har zuwa tsakiyar shekarun 1980, manyan tashoshi uku ne suka mamaye ƙasar, wato ABC da CBS da NBC. Mai kallo ba ya biyan ko sisi, masu talla ne suke biya, kuma kuɗin talla yana hawa ko sauka ne gwargwadon ƙididdigar 'yan kallo da kamfanin Nielsen yake fitarwa daga na'urorin da ya sanya a wasu zaɓaɓɓun gidaje. Har ila yau, masu talla ba sa ɗaukar 'yan kallo duka ɗaya. Sun fi kwaɗayin 'yan shekara 18 zuwa 49, domin a ganinsu su ne ba su riga sun kafe a kan sabulu ɗaya ko mota ɗaya ba. Zangon wasanni kuma yakan fara a watan Satumba ya ƙare a watan Mayu, sannan a cika watannin bazara da maimaici. Waɗannan abubuwa uku, wato talla da ƙididdiga da jadawali, su ne suka juya duk tarihin da za mu kawo.

Fox da Hutun Bazara

A shekarar 1986 aka kafa tasha ta huɗu mai suna Fox. Da yake ba ta da ƙarfin da za ta yi kokawa da manya a kan kowane irin mai kallo, sai ta karkata ga matasa. A watan Oktoba na 1990 ta fara nuna Beverly Hills, 90210, wanda Darren Star ya ƙirƙiro, Aaron Spelling kuma ya ɗauki nauyin shiryawa. Labarin wasu tagwaye ne, Brandon da Brenda, da iyayensu suka taso da su daga jihar Minnesota zuwa unguwar masu hannu da shuni a Kalifoniya. Da farko wasan bai karɓu ba, domin an ajiye shi daren Alhamis daidai lokacin da NBC take nuna Cheers, wanda yake tashe a wancan zamani.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A watan Yuli na 1991, lokacin da ɗalibai suke hutu, sauran tashoshi kuma suna ta maimaici, sai Fox ta fito da sababbin kashi na wasan. Yaran da suke zaune a gida ba su da wani sabon abin kallo, don haka suka yi caa a kansa. Kafin ƙarshen wannan shekara hotunan 'yan wasan sun cika mujallun matasa, har ta kai ranar da Luke Perry ya je gaisawa da masoya a wani rukunin kantuna a jihar Fulorida, dubban matasa suka yi turmutsutsu, wasu suka ji rauni. Wasan da ya kusa mutuwa a zangon farko sai da ya shekara 10 ana nuna shi. Marubutan ba su sauya ba, labarin ma bai sauya sosai ba, lokacin nunawa aka sauya.

Wasan da Yabo Bai Cece Shi Ba

A watan Agusta na 1994 ABC ta fara nuna My So-Called Life na Winnie Holzman, labarin wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Angela. Masu sharhi sun yaba da shi ƙwarai saboda yadda ya nuna ƙuruciya da ruɗaninta ba tare da ƙawa ba, kuma Claire Danes da ta fito a matsayin Angela ta ci kyautar Golden Globe a 1995. Sai dai an sa shi ƙarfe takwas na daren Alhamis, yana karo da wasannin barkwanci na NBC, ciki har da Friends. Kimanin mutum miliyan 10 suke kallonsa, wanda a ma'aunin babbar tasha ta wancan lokaci faɗuwa ce. Kashi 19 kacal aka yi.

Masoyansa ba su yi shiru ba. Sun haɗa kai ta intanet, wadda a lokacin sabuwar aba ce a gidajen mutane, suka yi ta aika wasiƙu, suka tara kuɗi suka sayi filin talla a jaridun masu harkar fim. Wannan dabara tana da asali, domin a 1968 masoyan Star Trek sun yi wa NBC ruwan wasiƙu har aka ƙara wa wasan zango na uku. Amma a wannan karon haƙarsu ba ta cimma ruwa ba, a watan Mayu na 1995 ABC ta soke wasan. Tashar MTV ce ta ɗauke shi tana maimaitawa, a nan ne matasa da yawa suka fara ganinsa bayan ya riga ya mutu.

Tashar da Ta Mayar da Matasa Jari

A watan Janairu na 1995 aka buɗe wasu ƙananan tashoshi biyu, The WB da UPN. Shugaban WB, Jamie Kellner, tsohon ma'aikacin Fox ne, ya kuma san darasin da aka koya a can. A 1997 tashar ta fito da Buffy the Vampire Slayer, sannan a watan Janairu na 1998 ta fito da Dawson's Creek na Kevin Williamson. Tun watanni kafin a fara nuna Dawson's Creek aka cika allunan talla da jikin motocin haya da hotunan 'yan wasansa huɗu, aka riƙa haska tallarsa a gidajen sinima, kamfanin tufafi na J.Crew ya sa su a littafin tallar kayansa, sannan aka liƙa wa wasan wata waƙa ta Paula Cole da gidajen rediyo suke yawan sakawa. Ce-ce-ku-cen da ya taso a kan yadda yaran cikin wasan suke maganganun manya shi ma ya ƙara masa suna. Mutum miliyan 6.8 ne suka kalli kashin farko.

A nan ya kamata mu tsaya mu lura. Miliyan 10 ba su ishi ABC ba, amma ƙasa da miliyan 7 sun zama abin buga ganga a WB, domin ƙaramar tasha ce, kuma yawancin masu kallon 'yan mata ne da masu sayar da kayan kwalliya da tufafi suke nema ruwa a jallo. Ke nan nasara da faɗuwa sun danganta da gidan da wasa ya sauka.

Wani abin mamaki kuma shi ne, wasan da ya fi kowanne 'yan kallo a WB na tsawon shekaru ba ya cikin waɗanda ake ta surutu a kansu. 7th Heaven ne, labarin wani limamin coci da matarsa da 'ya'yansu, wanda aka fara a 1996. Kashin da aka nuna a watan Fabrairu na 1999, inda matar ta haifi tagwaye, ya tara mutum miliyan 12.5. Buffy yana da masoya 'yan ga-ni-kashe-ni, har malaman jami'a sun rubuta littattafai a kansa, amma bai taɓa kai wannan adadi ba. Dalilin a fili yake: wasan da uwa da uba za su zauna su kalla tare da 'ya'yansu, gida ɗaya yana ba shi mutum huɗu ko biyar.

Ƙarfin Masoya da Iyakarsa

A shekarar 2000, da aka ji ƙishin-ƙishin za a soke Roswell, sai masoyansa suka aika wa WB dubban kwalaben yajin Tabasco, saboda taurarin labarin suna son wannan yaji. An ƙara wa wasan zango, daga baya ya koma UPN, amma a 2002 ya tsaya. Haka masoyan Veronica Mars suka yi a 2007, suka aika da cakulan mai suna Mars, duk da haka aka soke shi. Abin da ya biyo baya shi ne ya nuna ainihin darajar masoyi. A 2013 mai wasan, Rob Thomas, ya nemi gudummawa ta Kickstarter domin ya yi fim ɗinsa, mutum sama da 91,000 suka tara dala miliyan 5.7, fim ya fito a 2014. Mutum dubu casa'in ba su isa su motsa ƙididdigar Nielsen ba, amma da aka ba su hanyar sa hannu a aljihu kai tsaye sai ga shi sun isa su yi fim.

Wasanni Biyu na Shekarar 2003

Kwatancen da ya fi fito da wannan batu fili shi ne na The O.C. da One Tree Hill. Fox ta sake amfani da tsohuwar dabararta, ta fara The O.C. a watan Agusta na 2003 kafin sauran tashoshi su farka, daga baya ta ajiye shi bayan gasar waƙa ta American Idol, wadda ta fi kusan komai 'yan kallo a lokacin. Zangon farko ya samu kusan mutum miliyan 10 a kowane mako. Sai aka mayar da shi daren Alhamis, a zangon ƙarshe ma aka haɗa shi da CSI da Grey's Anatomy, ga kuma labarin ya fara tangal-tangal bayan an kashe ɗaya daga cikin taurarinsa. A watan Fabrairu na 2007 ya rufe da kashi 92. One Tree Hill kuwa ya fara a WB a watan Satumba na 2003 da 'yan kallo ƙalilan, bai taɓa kamo ƙafar The O.C. a lokacin tashensa ba, amma masoyansa ba su watse ba, tashar kuma ba ta buƙatar fiye da haka. Zango 9 ya yi, sai 2012 ya kammala.

Da Kiɗa Ya Sauya

A 2006 WB da UPN suka haɗe suka zama The CW. Wasanta na Gossip Girl, wanda aka fara a 2007, ya cika bakin matasa, amma ƙididdiga ba ta nuna haka ba, saboda yawancinsu ta kwamfuta suke kallonsa. A watan Afrilu na 2008 tashar ta daina sa sababbin kashi a shafinta na intanet don ta tilasta musu komawa gaban akwati, dabarar ba ta yi wani tasiri ba, aka janye ta. A wannan shekarar ce kuma ta ɗauko kalaman suka da wata ƙungiyar iyaye ta yi wa wasan ta buga su a allunan tallarta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: sunan ya ƙaru, adadin bai taka kara ya karya ba.

Shekara tara bayan haka sai abin ya juya. Riverdale ya fara a 2017 da matsakaicin adadi, matasa suka same shi a Netflix lokacin hutun bazara, da zango na biyu ya zo sai mutum miliyan 2.3 suka kalli kashin farkonsa a tashar, fiye da duk abin da ya samu a baya. Hutun bazarar da ya ceci Beverly Hills, 90210 a 1991 shi ne ya sake aiki ta wata ƙofa. Amma matasan sun ci gaba da ƙaura zuwa wayoyinsu. Lokacin da kamfanin Nexstar ya sayi kashi 75 cikin 100 na The CW a 2022, shugabanninsa sun bayyana cewa matsakaicin shekarun mai kallon tashar 58 ne, daga nan aka fara rage wasannin matasa ana cike gurbinsu da wasannin motsa jiki da shirye-shirye masu araha.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa ingancin rubutu da ƙaunar masoya da yawan 'yan kallo abubuwa ne uku daban-daban, kuma ba kullum suke haɗuwa a wuri ɗaya ba. Yawa yana zuwa ne daga lokacin da aka sa wasa, da wasan da ya gabace shi, da abokin karawarsa, da irin tallar da aka yi masa, da kuma ko zai shiga falo kowa ya zauna. Ƙauna kuwa rubutu ne yake jawo ta, ita ce kuma ta sa har yau ake neman My So-Called Life bayan an manta da wasanni masu yawa da suka fi shi 'yan kallo a 1994.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, kada wanda aikinsa ya yi kwantai ya yanke hukuncin cewa bai iya ba, kada kuma wanda aka yi wawason nasa ya ɗauka ya gama ƙwarewa. Kowannenmu ya tambayi kansa: wa nake rubuta wa, yaushe yake da sukunin karatu, ta wace hanya zai ji labarin aikina, kuma wa yake ƙirga shi? Marubucin da ya bar wa ɗan kasuwa waɗannan tambayoyi shi kaɗai, to ya bar masa rabin aikinsa.