Mota Ɗaya, Farashi Biyu: Samarin Amurka da Kamfanonin Inshora, 1964 zuwa 1974

Ranar 17 ga Afrilu, 1964, kamfanin Ford ya fito da wata sabuwar mota a babban bikin baje kolin duniya da aka yi a birnin New York. An raɗa mata suna Mustang, sunan dawakan jejin yammacin Amurka waɗanda ba su san linzami ba. Gabanta dogo ne, bayanta gajere, tana ɗan ƙasa-ƙasa kamar motocin tseren Turai. Sai dai abin da ya fi ɗaukar ido a tallan da aka buga a jaridu shi ne adadin da ke ƙarƙashin hotonta: dala 2,368. A ranar farko kaɗai mutum wajen 22,000 suka sa hannu za su saya. Kafin shekara ta zagayo an sayar da fiye da 400,000, zuwa watan Maris na 1966 kuwa an ƙera ta miliyan ɗaya.

Lee Iacocca, wanda ke shugabantar sashen Ford a lokacin, ya san lissafin da yake yi. Sojojin da suka koma gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun yi aure sun hayayyafa, har aka haifi yara kimanin miliyan 76 a Amurka tsakanin 1946 da 1964. 'Yan farin wannan ambaliya sun cika shekara goma sha takwas daidai shekarar da Mustang ta fito. Kafin nan motar ƙawa da gudu kayan masu hannu da shuni ce: Corvette ta kamfanin Chevrolet ta haura dala 4,000, irin su Jaguar da ake shigowa da su daga Ingila kuwa sun fi haka tsada. Dabarar Iacocca ita ce ya ɗauki ƙashin bayan Falcon, wata motar iyali mai araha wadda ba wanda ke waiwayenta a titi, ya ɗinka mata sabuwar riga. Injin Mustang mafi araha bai wuce ƙarfin doki 101 ba, a ma'aunin da ake auna ƙarfin inji da shi. Wanda ya ƙara kuɗi sai a sa masa inji mai silinda takwas.

Mafi ƙarancin albashi da dokar tarayya ta ƙayyade a 1964 shi ne dala ɗaya da santi 25 a awa. Saurayin da ke zuba mai a gidan mai a kan wannan lada, farashin Mustang ya yi daidai da aikinsa na kusan shekara guda, in bai ci bai sha ba. Wanda ya sami aiki a masana'antar ƙarfe ko ta motoci kuwa yana ɗaukar ninki biyu na wannan ko fiye. Ga kuma bashi a buɗe: ya ajiye kafin alƙalami, banki ko kamfanin ba da lamuni ya cika sauran, shi kuma ya riƙa biya wata-wata har shekara uku. Wanda bai kai shekara ashirin da ɗaya ba yakan bukaci uba ya sa masa hannu, iyaye da yawa kuma sun sa. A karon farko ɗan leburan masana'anta ya iya zama a bayan sitiyarin motar da ya saba gani a mujalla.

Mustang ta buɗe ƙofar ƙawa, amma ƙofar gudu kamfanin Pontiac ne ya ɓalle ta. Uwar kamfanin, General Motors, ta hana rassanta shiga tsere a 1963, kuma tana da ƙa'idar da ta iyakance girman injin da za a sa wa matsakaiciyar mota. John DeLorean, babban injiniyan Pontiac, da abokan aikinsa suka lura cewa ƙa'idar ba ta yi magana a kan kayan ƙari da mai saye ke zaɓa da kansa ba. Sai suka ɗauko injin manyan motoci mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325, suka cusa shi a cikin Tempest, suka ce ai ƙari ne na dala ɗari uku ba kaɗan. Suka kuma ari sunan wata shahararriyar Ferrari, suka kira ta GTO. An yi tsammanin sayar da 5,000. Aka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko, a 1966 kuma kusan 97,000. Ganin haka kowane kamfani ya shiga rububi. Plymouth ta fito da Road Runner a 1968, ta cire mata duk wani kayan alatu don farashinta ya tsaya ƙasa da dala 3,000, har ta biya kamfanin fim na Warner dala 50,000 don ta yi amfani da suna da hoton tsuntsun nan na zanen yara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna shekarun waɗanda ake farauta. Amurkawa suka laƙaba wa irin waɗannan motoci sunan da ke nufin masu ƙwanji.

Ƙwanjin kuwa duk a inji ya taru. Yawancinsu an sayar da su da burki irin na motar iyali da tayoyi sirara, ga nauyin inji ya rinjayi gaba. A miƙaƙƙen titi ba a kama ƙafarsu, amma kwana da tsayawar gaggawa wani labari ne daban. A shekarun nan ne adadin masu mutuwa a titunan Amurka ya tashi daga kimanin 36,000 a 1960 ya haura 50,000 a 1966, ya kai 54,000 da ɗoriya a 1972. Zalunci ne a ɗora wannan duka a kan motocin samari, domin motoci sun ƙaru gaba ɗaya, tafiye-tafiye sun ƙaru, giya kuma tana nata aikin. Ralph Nader, a littafinsa na 1965 mai suna Unsafe at Any Speed, masu ƙera motoci ya tuhuma da fifita ado a kan rai, kuma a 1966 majalisa ta zartar da dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon gindaya sharuɗɗan tsaro ga kowace sabuwar mota. Dokar ta kawo bel na kujera da sitiyari mai lanƙwashewa in an yi karo. Ba ta hana kowa sayen gudu ba.

Waɗanda suka taka wa gudun burki suna zaune ne a ofisoshin da ba a jin ƙarar inji, da kundayen ƙididdiga a gabansu. Inshora a asalinta karo-karo ce: mutum dubu su zuba kaɗan-kaɗan don a biya diyyar goman da ƙaddara za ta faɗa wa. Kamfani ba ya sanin wane ne zai yi haɗari, amma yana sanin wane rukuni ne ya fi yi, don haka yakan kasa direbobi gida-gida bisa shekaru da jinsi da aure da wurin zama. Tun kafin a haifi GTO, namiji mara aure ɗan ƙasa da shekara ashirin da biyar shi ne ya fi kowa biya, domin shi ya fi kowa jawo asara. Abin da ya sauya a ƙarshen shekarun 1960 shi ne kamfanonin sun fara duban motar kanta. Da suka tattara takardun biyan diyya, sai suka ga inda saurayi ya haɗu da babban inji asara takan ninka, ga kuma ɓarayi da ke son irin waɗannan motoci saboda kayan jikinsu. Wajajen 1970 manyan kamfanoni suka ƙaƙaba ƙarin kuɗi na musamman a kan duk motar da ƙarfin injinta ya yi wa nauyinta yawa. Wasu ma suka ƙi karɓar irin wannan ciniki sam, sai dai saurayi ya faɗa cikin tsarin da jihohi suka tanada na rarraba direbobin da kowa ya ƙi a tsakanin kamfanoni, inda kuɗin ya fi yawa, kariyar kuma ta fi ƙaranci.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana saurayin ya yi tuƙinsa ba inshora? A lokacin jihohi kaɗan ne suka wajabta ta kai tsaye: Massachusetts tun 1927, sai New York da North Carolina a shekarun 1950. Amsar tana cikin takardar bashin da ya sa wa hannu. Motar jingina ce a hannun mai ba da lamuni har sai an gama biya, shi kuwa ba zai yarda dukiyarsa ta hau titi ba tare da inshorar da za ta biya shi in ta ragargaje ko an sace ta ba. Bashin da ya kusanto da motar shi ne ya ɗaure mai ita a hannun kamfanin inshora. Ɗan attajirin da aka saya wa da kuɗi hannu yana da zaɓi, kuma ko ba shi da zaɓi uba zai biya. Ɗan leburan da aka ƙera motar dominsa shi ne ya tarar cewa kuɗin inshorar wata na neman yin kafaɗa da kafaɗa da kuɗin biyan motar. Da yawa sun zaɓi launi, sun yi ciniki da dillali, sannan suka buga waya ofishin inshora suka fasa.

Masu ƙera motoci ba su miƙa wuya nan take ba. Dama can akwai al'adar rage adadin ƙarfin inji a takarda: Ford ta rubuta doki 335 ga injinta Cobra Jet na 1968, Chrysler ta rubuta 425 ga Hemi, masu gwaji kuwa sun daɗe da yarda cewa duka biyun sun fi haka. Daga baya suka koma wasan ɓuya da suna. A 1970 Oldsmobile ta fito da Rallye 350, rawaya shar da zane-zanen tsere, amma da matsakaicin inji. Pontiac ta yi GT-37, wadda a takardar inshora Tempest ce kawai. Chevrolet ta biyo baya da Heavy Chevy a 1971. Duk dabara ɗaya ce: a ba yaro kamannin abin da yake so a farashin da ma'aikacin inshora zai bari ya wuce. In an dubi abin da kyau, an koma inda Iacocca ya fara a 1964, riga mai kyau a jikin motar iyali.

An saba cewa takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a watan Oktoba na 1973 shi ya kashe motoci masu ƙwanji. Alƙaluman ciniki ba su goyi bayan wannan ba. GTO da aka sayar da kusan 97,000 a 1966 ta sauko zuwa 40,000 a 1970, ta faɗo zuwa 10,500 a 1971, shekara biyu cur kafin a ga layi a gidajen mai. A 1971 ɗin ne Chrysler ta daina sa Hemi a motocin titi. Gaskiya ne dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, kuma General Motors ta fara yin hakan a motocin 1971 don su iya shan fetur mara dalma. Amma masu saye sun riga sun fara watsewa tun injunan na kan ganiyarsu, domin 1970 ita ce shekarar da Chevelle ta fito da doki 450. Tsadar mai da dokar taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu a Janairun 1974, gawa suka tarar suka binne.

Ko kamfanonin inshora sun yi adalci? A wajen lissafi ba su yi ƙarya ba, kuma da ba su ƙara wa masu gudu kuɗi ba, da malamar makaranta mai tuƙa ƙaramar motarta a hankali ce za ta biya musu. Mai yiwuwa ma akwai dattawa a yau da ke raye saboda wayar da suka buga tana da tsada. Duk da haka akwai abin da ke tsaya wa mutum a rai. An yanke wa saurayi hukunci a kan laifin tsararsa tun bai taka totur ba, natsuwarsa ba ta da wata ƙima a takarda sai bayan shekaru, amma ranar da ya ɗaura aure kuɗinsa ya ragu ko da halinsa na nan yadda yake. A daidai wannan zamani ƙasarsa tana ɗaukarsa aikin soja dole ta tura shi Biyetnam, a 1971 kuma ta ba ɗan shekara goma sha takwas 'yancin jefa ƙuri'a. Ya isa riƙe bindiga, ya isa zaɓen shugaban ƙasa, amma a kundin inshora yaro ne har sai ya cika ashirin da biyar.

Ingila ta maimaita labarin bayan shekara ashirin. Ƙananan motoci masu zafi irin su Golf GTI da Peugeot 205 GTI sun zama abin yayin samari a shekarun 1980, sata da tseren dare suka yawaita, kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo a farkon shekarun 1990, kasuwarsu ta durƙushe.

A Amurka kuwa Iacocca, wanda a lokacin ya zama shugaban kamfanin Ford gaba ɗaya, ya sake karanta zamani daidai. Mustang ta 1974 an gina ta ne a kan Pinto, ƙaramar motar tattalin mai, da inji mai silinda huɗu, kuma a shekararta ta farko ba a ma tanadi mai silinda takwas ba a kasuwar Amurka. Masu son gudu sun yi mata dariya, amma an sayar da fiye da 380,000. Tsofaffin masu ƙwanjin suka koma filayen dillalan gwanjo, ana sayar da su da arahar banza, wasu suka yi tsatsa a bayan gidaje.

Yaran 1946 sun girma, sun yi aure, sun tara abin hannu, sannan suka koma neman motocin da suka fi ƙarfinsu suna samari. A 2014, a wani gwanjo da aka yi a Seattle, an sayar da wata Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama a kan dala miliyan uku da rabi. Irinta da aka ƙera a waccan shekara ba su wuce dozin ɗaya ba, domin kusan ba wanda ya nema. Kamfanonin inshora na yi wa masu tara irin waɗannan motoci farashi mai sauƙi, bisa sharaɗin a ajiye motar a gareji mai makulli, kada a riƙa zuwa aiki da ita, kuma galibi sai mai ita ya haura shekara ashirin da biyar.