Binciken salsala a Luksamburg

Binciken salsala a Luksamburg shi ne bin diddigin iyaye da kakannin da suka fito daga ƙasar Luksamburg ta hanyar tsofaffin takardu, domin a tsara jadawalin zuriya. Ƙasar ƙarama ce, faɗinta murabba'in kilomita 2,586, tana tsakanin Beljiyam da Jamus da Faransa. A ƙarni na 19 mutane da yawa sun bar ta saboda talauci da ƙarancin gonaki, shi ya sa a yau akwai jikokinsu da tattaɓa kunnensu a Amurka da Birazil da sauran ƙasashe.

Iyakokin ƙasar

Abu na farko da mai bincike yake buƙatar sani shi ne Luksamburg ta dā ta fi ta yanzu girma, sau uku ana yanke ta. A 1659 Faransa ta karɓi yankin kudu, har da garin Thionville. A 1815 aka ba Furusiya yankunan gabas da kogunan Our da Sûre da Moselle, waɗanda yanzu suke cikin Jamus. A 1839 kuma yarjejeniyar Landan ta ba Beljiyam ɓangaren yamma, wanda har yau ake kira lardin Luksamburg, babban birninsa Arlon. Saboda haka mutum zai iya jin cewa kakansa ɗan Luksamburg ne, amma ya tarar takardun ƙauyensu suna ma'ajiyar tarihi ta Arlon ko a Jamus.

Hijira

A ƙarni na 18 wasu iyalai sun koma yankin Banat, wanda mafi yawansa yake Romaniya a yau. A 1828 wasu sun sayar da abin da suka mallaka da nufin tafiya Birazil, amma da yawansu ba su samu shiga jirgi ba, suka komo hannu rabbana. Wasu daga cikinsu sun zauna a Grevels, wurin da aka yi wa laƙabi da Sabuwar Birazil.

Masu hijira da yawa Amurka suka nufa. Sun zauna a jihar Wisconsin, musamman garuruwan Belgium da Port Washington, da jihar Iowa a Dubuque da St. Donatus da Remsen, da Rollingstone a Minnesota, da kuma Chicago. A Dubuque aka riƙa buga jaridar Luxemburger Gazette daga 1871 zuwa 1918, kuma editanta Nicolas Gonner ya wallafa littafi kan 'yan Luksamburg mazauna Amurka a 1889. Takardun ƙidayar Amurka ba abin dogaro ba ne sosai wajen gane asalinsu. Sau da yawa an rubuta su a matsayin Jamusawa ko 'yan Beljiyam, wani lokaci ma 'yan Holan, domin har zuwa 1890 sarkin Holan ne yake riƙe da sarautar Luksamburg.

Takardun da ake dubawa

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, limaman cocin Katolika ne suke rubuta baftisma da aure da jana'iza, galibi da Latin. Wasu littattafan sun kai ƙarni na 17, wasu kuma sun salwanta a yaƙe-yaƙe da gobara. Ƙidayar da aka yi a 1766, zamanin sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, tana da amfani ƙwarai, domin ta lissafa mazauna gida-gida.

Faransa ta haɗe ƙasar a 1795, daga 1796 kuma aka fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ofisoshin gundumomi. Takardun farkon wannan zamani suna ɗauke da kwanan wata na kalandar juyin juya halin Faransa, wadda aka daina amfani da ita a farkon 1806, don haka sai an mayar da su kalandar miladiyya. Akwai kuma jerin sunaye na shekara goma-goma da ke sauƙaƙa nema. A cikin dukkan takardun nan, ta aure ta fi cika da bayani, domin takan ambaci shekarun ango da amarya, da garin haihuwarsu, da sunayen iyayensu, da shaidu waɗanda sau da yawa dangi ne.

Matsalar sunaye

A nan ne aka fi yin kuskure. Harsuna huɗu ne suke haɗuwa a rayuwar mutum ɗaya. Limami zai rubuta shi Joannes da Latin, magatakardan gunduma ya rubuta Jean da Faransanci ko Johann da Jamusanci, a gida ana kiransa Jang, in ya isa Amurka kuma ya zama John. Haka Petrus da Pierre da Peter da Pit duk suna ɗaya ne. Garuruwa ma haka suke: Troisvierges da Ulflingen da Ëlwen gari ɗaya ne a arewacin ƙasar, kamar yadda Clervaux da Clerf da Klierf suke wuri ɗaya.

Sunan gida ya fi wannan rikitarwa. A karkara kowane gida yana da sunansa da ba ya canzawa ko da mazaunansa sun canza. Idan namiji ya auri magajiyar gida ya tare a can, sai a riƙa kiransa da sunan gidan matarsa, kuma kafin zuwan rajistar gwamnati ana iya rubuta 'ya'yansa da wannan suna a littafin coci. Shi ya sa ake samun wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da sunayen dangi daban-daban. Bayan haka, a dā al'ada ce a raɗa wa jariri sunan wanda ya tsaya masa a wajen baftisma, don haka gida ɗaya zai iya samun Nicolas biyu ko Anna uku. Wanda ya dogara da suna kaɗai, bai gwada shi da shekaru da sunan uwa da na shaidu ba, yana iya ɗaukar zuriyar maƙwabci ya jingina wa kansa. Takardun Jamusanci kuma da tsohon rubutun hannu mai suna Kurrent aka yi su, wanda sai an koye shi kafin a iya karantawa.

Inda ake samun takardu

Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke birnin Luksamburg ita ce babbar cibiya. Ana iya duba hotunan rajistar gundumomi a FamilySearch, na littattafan coci kuma a Matricula. Luxroots rumbun bayanai ne da 'yan sa-kai suka gina daga waɗannan takardu. Ɗakin karatu na ƙasa ya sa tsofaffin jaridu a shafin eluxemburgensia, ciki har da Luxemburger Wort da aka kafa a 1848, inda ake samun sanarwar mutuwa. A Amurka, ƙungiyar Luxembourg American Cultural Society tana da cibiyar bincike a Belgium ta Wisconsin. Takardun shekarun baya-bayan nan ba a buɗe suke ga kowa ba.

Rajistar Luksamburg gunduma-gunduma aka tsara ta, don haka in ba a san ƙauyen da kaka ya fito ba, aikin yakan tsaya cak. Shi ya sa ake farawa daga ƙasar da ya sauka: takardar mutuwarsa, da ta zama ɗan ƙasa, da rubutun kan kabarinsa, da sanarwar jarida.

Dokar zama ɗan ƙasa

Dokar 23 ga Oktoba 2008, wadda ta fara aiki a farkon 2009, ta halatta riƙe shaidar ƙasa biyu. Ta kuma ba wa duk wanda ya tabbatar da cewa ya fito daga tsatson wani da yake ɗan Luksamburg a ranar 1 ga Janairu 1900 damar maido da zamansa ɗan ƙasa. Dokar 8 ga Maris 2017 ta ci gaba da wannan tanadi, aka rufe karɓar sababbin buƙatu a ranar 31 ga Disamba 2018. Masu nema da yawa sun fito daga Birazil da Beljiyam da Faransa da Amurka. Hukuma ba ta karɓar jadawalin zuriya da mutum ya tsara da kansa, sai an kawo takardun haihuwa da aure na kowane tsatso, daga mai nema har zuwa kakan da ya bar ƙasar.