Ƙananan Mindodin Hafsoshin Ingila da Abin da Suke Faɗa a kan Yaƙin 1903

1.0 Gabatarwa

Kalmar minda aro ce daga Ingilishi, kuma ta shigo Hausa ta bakin sojoji. Tana nufin lambar ƙarfe da hukuma ke ba soja don shaidar ya halarci wani yaƙi ko ya nuna jarunta. Wannan takarda za ta dubi ƙananan mindodin da hafsoshin Ingila ke sawa, waɗanda wasu mutane suka mayar da tara su abin sha'awa, sannan ta ɗauki misalin hafsa guda domin a ga iyakar abin da mai nazarin tarihi zai iya karantawa a jikinsu.

2.0 Babba da Ƙarama

Mindar yaƙin Waterloo na 1815 ita ce ta farko da gwamnatin Ingila ta ba kowane soja da ya halarci yaƙi, babba da ƙarami, da sunansa a jiki. Babbar minda faɗinta kimanin milimita 36 ne, yawanci ta azurfa, kuma a gefenta ake buga sunan mai ita da muƙaminsa da rundunarsa. A kan ƙyallen da ake rataye ta akan maƙala wani ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunan yaƙin ko shekararsa.

Ƙaramar minda kwaikwayon babbar ce, girmanta wajen rabi. Hukuma ba ta bayar da ita. Hafsa ne ke zuwa da kuɗinsa wurin maƙeran azurfa ko telolin soja, irin su kamfanin Spink na Landan, ya saya domin ya maƙala a rigar liyafar dare, inda manyan za su yi nauyi. Saboda haka galibinsu ba su da suna.

Wannan rashin suna shi ne babbar matsalar masu tarawa. Kowa na iya sayen ƙananan mindodi ɗaya-ɗaya, ya jera su a ƙarfe guda, ya ce na Kanar wane ne. Shi ya sa a gidajen gwanjo na Landan, kamar Noonans da Spink, darajar jeri takan dogara ga abin da ya rako shi: wasiƙar iyali, ko hoton hafsan sanye da shi, ko kuma manyan mindodin kansu. Mai tarawa da ya san aikinsa yakan gwada jerin da rajistar waɗanda aka ba kowace minda, wadda ke ajiye a gidan adana takardun gwamnati da ke Kew. Tun 1942 masu wannan sha'awa suke da ƙungiyarsu ta bincike a Ingila.

3.0 Misalin Laftanar Wright

An haifi Wallace Duffield Wright a 1875, ya rasu a 1953 da muƙamin Birgediya, bayan ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin Ingila. Jerin mindodi yana da ƙa'ida: lambobin jarunta da na girma ne a gaba, sannan na yaƙe-yaƙe bisa tsarin shekarunsu. Don haka jerin mutum irin Wright yakan karantu kamar jimla. A farko akwai Victoria Cross, lambar jarunta mafi girma a Ingila, wadda aka ƙirƙiro a 1856. Can gaba akwai mindar Indiya ta yaƙe-yaƙen kan iyaka na 1897 zuwa 1898, sai ta Afirka, sai na Yaƙin Duniya na Farko.

Ta Afirkan ce ta shafe mu. An fito da ita a 1902, ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da siraran layuka kore guda biyu, kuma an ci gaba da bayar da ita har zuwa yaƙin Mau Mau na Kenya a shekarun 1950. Ɗaya daga cikin allunanta an rubuta masa Arewacin Nijeriya da shekarar 1903, ba ƙari. A ƙarƙashin wannan ɗan rubutu akwai faɗuwar Kano a hannun Kanar Morland ran 3 ga Fabrairu, da faɗuwar Sakkwato ran 15 ga Maris, da yaƙin Burmi ran 27 ga Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, aka kuma kashe Manjo Marsh a ɓangaren Turawa. Daga cikin waɗanda suka tsira a Burmi ne ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da hijira zuwa gabas, har ya kafa garin Mai Wurno a ƙasar Sudan.

Wright ya sami lambarsa ta jarunta ne a kusa da Kwatarkwashi, wadda ke jihar Zamfara a yau. Lokacin da aka ci Kano, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da rundunarsa. Da labari ya iso, Alu ya rabu da jama'arsa, Waziri Ahmadu kuwa ya ci gaba da waɗanda suka zaɓi faɗa. Bayanin da gwamnatin Ingila ta buga ya ce Wright, da hafsa ɗaya da sojoji 44, sun yi awa biyu suna tare harin mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa wannan lissafi na ɓangare guda ne, kuma an rubuta shi ne domin a tabbatar da cancantar lamba. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin. Mutanen Kano suna kiran sa Mai Shahada. Ke nan rana ɗaya ta haifar da laƙabi biyu, ɗaya na tagulla a ƙirjin Bature, ɗaya a bakin Kanawa. Sauran jama'ar suka bi Wambai Abbas zuwa Kano, Lugga ya naɗa shi sarki.

Haka abin yake ga allon 1906, wanda ya ƙunshi murƙushe mutanen Satiru. Babu abin da zai nuna a jikinsa cewa an shafe garin daga doron ƙasa, balle a san cewa ɗaya daga cikin jagororin boren, Shu'aibu Ɗan Makaho, daga yankin da Faransa ke mulki ya tsallako.

4.0 Sojoji Arba'in da Huɗu

Su wane ne mutum 44 da suka tsaya tare da Wright? 'Yan Afirka ne na rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda Hausawa da Yarabawa suka yi yawa a cikinta, Hausa kuma ta zama harshen barikinta. Ɗaukar masu jin Hausa aikin soja ya girmi wannan runduna, domin tun 1863 Glover ya fara shi a Ikko, kuma irin waɗannan sojoji sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 da na Kumasi a 1900.

Su ma an ba su mindar Afirka, babbar, mai lambar soja da suna a gefe. Ƙaramar ba ta shafe su ba, tunda ba a gayyatar su liyafar hafsoshi. A nan ne abin ya juye. Ƙaramar mindar hafsa ba ta da suna, amma idan aka gano mai ita, za a sami shekarar haihuwarsa da makarantarsa da hotonsa, wani lokaci har wasiƙunsa. Ta sojan ƙasa tana da suna, amma sau da yawa daga gefen azurfar sai layi ɗaya a rajista, shi ke nan.

A ganina a nan ne ɗalibin Hausa yake da abin yi wanda mai tarawa a Landan ba zai iya ba. Akawun soja yakan rubuta sunan yanka, ya bi shi da sunan gari ko na ƙabila, da irin rubutun da kunnensa na Bature ya jiyo. Wanda ya san harshen zai iya maido da sunan yadda yake, ya gane ko na yanka ne ko laƙabi, ya kuma yi hattara, domin sunan gari ba kullum yake nuna mahaifa ba. Yana iya zama inda aka ɗauki mutum aiki, ko inda ya gudo daga bauta, kasancewar da yawa daga cikin sojojin farko bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu. Rajistar tana Kew a ƙarƙashin lamba WO 100, an kasa ta bisa yaƙi da runduna.