Daga aikin dole zuwa takardar albashi

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Tasawa da ta Mayahi, maza da mata, da malamansu. Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Za mu duba yadda zaman mai aiki da mai ba da aiki ya yi ta sakewa a ƙasarmu.

Kafin zuwan Nasara, aiki yana da tsarinsa. A gida akwai gandu. Mai gida shi ke cewa ga gonar da za a fara nomewa. Shi ke riƙe da rumbu, shi ke ciyar da gida, shi ke yi wa samari aure. Ƴaƴa da ƙanne suna ba gandu ƙarfinsu, amma ana bar musu lokacin zuwa gamanarsu. Abin da gamana ta bayar na mai ita ne. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, a dama fura, makaɗa su zo. A kasuwa kuma akwai ubangida da baransa. Bara yana yi wa ubangida fatauci, ubangida yana ɗauke masa tufafi da aure, wata rana ya ba shi jari. Ba a rubuta kome ba, amma kowa ya san abin da ke kansa. Kada mu ɓoye, akwai bayi kuma. Su ba su da bakin magana.

A shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta ratso ƙasarmu daga yamma. Shugabanninta biyu ne, Bule da Shanuwan. Sun kama ɗaruruwan mutane don dako. Wanda ya gaji ya faɗi, kashe shi ake yi. Sun ƙone Birnin Konni da garuruwa da yawa. Labari ya kai Faransa, aka aiko Kanar Kulob ya tsai da su. Ranar 14 ga watan Yuli, kusa da Ɗankori, Bule ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu baƙaƙe suka juya musu bindiga, suka kashe su duka biyu. Kaburburansu suna Maijirgi, kan hanyar Damagaram. Tsoro kaɗai suka sani wajen sa mutum aiki, kuma tsoron bai riƙe musu mutanensu ba.

Da mulkin Nasara ya zauna, sai aikin dole ya zama doka. Tasawa ce mazaunin babban kumandan na wannan yanki, har 1927 da aka mai da shi Maraɗi. Umarni yana fitowa daga kumandan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa ga mai gari: kowane gari ya kawo mutum kaza. A takarda, kwanaki kaɗan ne a shekara. A fili, sai ranar da aka sallame ka. Ana sharar hanya, ana ginin bariki, ana ɗaukar kaya a ka. Babu lada. Wanda ya ƙi, kumandan yana da ikon kulle shi ba tare da shari'a ba, da fari har kwana 15. Abin da ya fi ciwo shi ne a ɗebe majiya ƙarfi ana tsakiyar damina. Gona ta kwana cikin haki, rumbu ya tashi ba kome. Shi ya sa mutane da yawa suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Katsina da Daura da Kano. Nasara suna ganin aikin banza suka samu. Amma wanda aka kora da bulala ba ya gyara aiki, kuma wanda ya gudu ba ya biyan haraji.

A 1930, a birnin Janeba, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana aikin dole. Faransa ta yi ta jan ƙafa. A 1937 ta yarda ma'aikatan Afirka ta Yamma su kafa sandika, wato ƙungiyar ma'aikata. Amma ta gindaya sharaɗi: sai wanda ya iya karanta Faransanci da rubuta shi zai shiga. To, ku da kuke koyon baƙi, ku lura da wannan. Mutum nawa ne suka yi lokol a Mayahi ko Kanambakashe a wannan zamani? Lebura da ɗan dako, su da suka fi kowa bukatar ƙungiya, su aka bari a waje. Sai a 1944 aka sassauta sharaɗin.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka yi sauri. Ranar 11 ga watan Afrilu 1946 aka soke aikin dole a duk ƙasashen da Faransa ke mulki. Dokar tana ɗauke da sunan Hufuwe Buwanyi, wakilin Kodebuwa a majalisar Faransa, wanda ya kai maganar.

An daina kama mutum, amma ba a daidaita lada ba. Baƙi da Bature suna aiki ɗaya, albashi ba ɗaya ba. Daga 10 ga watan Oktoba 1947 har 19 ga watan Maris 1948, ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma suka yi yajin aiki. Wata biyar da ƴan kwanaki ke nan ba albashi. Nijar ba ta da jirgin ƙasa, amma labarin ya iso. Ranar 3 ga watan Nuwamba 1952 aka yi yajin kwana ɗaya a duk yankin. Ranar 15 ga watan Disamba na wannan shekara Faransa ta fitar da dokar aiki. Ta ce awa 40 a mako. Ta ba da hutu mai albashi. Ta tanadi sufeton aiki da kotun ma'aikata. Ta ce aiki ɗaya, lada ɗaya. Masu kamfani ba su bi nan da nan ba. A 1953 sai da aka sake yin yaji a wurare da dama kafin a aikata abin da aka rubuta. A Yamai, Jibo Bakari ne ke gaban ƴan sandika a waɗannan shekaru.

Mu nan gabas, aikin kuɗi gujiya ce ta kawo shi. Kamfanonin Nasara, irin su CFAO da SCOA, suna buɗe sikeli da kaka. Dillalansu suna shiga kasuwannin ƙauye. A 1942 aka kafa gidan matsar man gujiya na SICONIGER a Maraɗi. Nan ne mutanen yankinmu suka ga aikin inji, mai lokacin shiga da lokacin tashi. Amma yawancin masu aikin gujiya ba su cikin littafin kowa. Masu ɗinkin buhu ne, da masu lodi, da yaran mota. Kaka ta wuce, aiki ya wuce. Manomi kuma rigimarsa da mai awo ce. Sikeli yana gabansa, bai iya karanta shi ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta yi dokar aikinta a 1962. A wannan shekara aka kafa SONARA don sayen gujiya, da UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma. A 1965 aka kafa asusun ma'aikata, CNSS, mai kula da fansho da raunin wurin aiki da kuɗin iyali. Daga 1966 aka shigo da sabon tsarin kasuwa, ya faro daga ƙasar Damagaram ya bazu. Ƙauyuka suka zaɓi mai awonsu da magatakardansu daga cikin ƴaƴansu, aka koya musu lissafi da rubutu da Hausa. A ganinmu, wannan ya fi dokoki da yawa amfani ga talaka. Wanda ya noma gujiya shi ya riƙe alkalami. Sai fari na 1973 ya zo, ciwon gujiya na 1975 ya biyo baya. Sikeli ya bushe. SONARA ta yi ta ja da baya har ta mutu. Matasa suka kama hanyar Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971, wasu suka nufi Kano da Libiya.

Yanzu bari mu leƙa ɗayan gefen, na mai shugabantar aiki. Yaranmu da ke koyon aikin injiniya, a makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi ko a manyan makarantun Yamai, ba ƙarfe da lantarki kaɗai suke karantawa ba. Ana koya musu riƙon mutane. A cikin darasin akwai sunan Hanri Fayol, wani injiniyan haƙar gawayi na Faransa. A 1916 ya fitar da littafi, ya ce aikin shugaba biyar ne: ya hango gaba, ya tsara, ya ba da umarni, ya haɗa kan sassa, ya duba ko an yi. Ya ce kuma kada ma'aikaci ya karɓi umarni daga baki biyu. Tsoho mai gandu zai ji wannan ya yi murmushi, don tun tuni yake ajiye iri kafin ruwa ya sauka. Bambancin shi ne, injiniya ba ƴaƴansa yake sa aiki ba. Ba shi zai yi musu aure ba. Abin da ke tsakaninsu yarjejeniya ce, don haka aka ce a rubuta ta.

An sake dokar aiki a 1996, aka kuma sake ta a 2012. Ta 2012 ta bar awa 40 a mako. Ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kan kowane wata da ya yi yana aiki. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Ta ce wurin da ma'aikata suka wuce 10, su zaɓi wakilansu da za su kai kuka ga mai kamfani. In magana ta ƙi ƙarewa a gida, akwai sufeton aiki, shi ke neman sulhu. In sulhu ya gagara, sai kotu.

To, a gaban sufeto abin da ake fara tambaya shi ne shaida. Yaushe ka fara aiki? Nawa aka yanke maka? Ina takardar albashinka? An rubuta sunanka a CNSS? Mai takarda yakan amsa nan take. Amma ɗan barema da ke noma a fadamar Gulbin Kaba, da yarinyar da aka kai aikatau birni, da yaron gareji, yawancinsu da baki aka yi da su. Dokar da aka yi yaji dominta tun 1952 ba ta iso gare su sosai ba.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko takardar albashi guda, mu karanta ta tare, layi bayan layi.