Daga Tudun Wada zuwa Babbar Ruga: Tarihin haɗa hannu a kan yoyon fitsari

Tun daga 2013, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara raya ranar 23 ga Mayu domin yaƙi da ciwon yoyon fitsari, gidajen rediyonmu kan gayyato likita da malami, a yi bayani, a buɗe layi. Kusan kullum tambaya ɗaya ce take cinye shirin: auren wuri ne ke jawo ciwon, ko kuwa sharri ake yi wa addini da al'ada? A Yulin 2013 ma gardamar ta shiga Majalisar Dattawa, sa'ad da Sanata Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya tsaya a kan a bar sashe na 29(4)(b) na tsarin mulki yadda yake, wato sashen da ya ɗauki matar aure a matsayin wadda ta kai munzali. Ƙasa ta ɗauki zafi, kowane ɓangare yana kafa hujja da 'yan matan da ke kwance a asibiti. Kaɗan ne suka tuna cewa shekaru talatin kafin nan likitocin gida da na waje sun riga sun bi wannan tambaya da alƙalami da wuƙar tiyata, a Zariya da Katsina.

Yadda ciwon yake samuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. Naƙuda ta zo, kan jariri ya fi ƙugun uwa, ko ya zo a karkace, sai ya maƙale. Kwana ɗaya, kwana biyu, wani lokaci uku, kan yana danne mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ba ya kaiwa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar ɓula. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Ita kuma mai jego ta tashi ta tarar da fitsari yana bin ƙafarta dare da rana, wata har da bayan gida, wata kuma ƙafa ta shanye saboda jijiyar da aka danne. Amurka da Turai sun sha fama da shi. A Alabama ne Marion Sims ya gwada dabarun ɗinkinsa a shekarun 1840, a jikin bayi mata baƙar fata waɗanda ba su da ikon cewa a'a, abin da har yau yake tabo a tarihin likitanci. Ciwon ya ɓace musu a can ne lokacin da tiyatar ciro jariri ta kai kusa da kowace mai naƙuda.

A Afirka, sunan da aka fi sani shi ne na Reginald Hamlin da matarsa Catherine, waɗanda suka isa Adis Ababa a 1959, suka buɗe asibitin yoyon fitsari zalla a 1974. Amma wurin da aka fara auna matsalar da lissafi mai yawa a ƙasar Hausa shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin yana Tudun Wadan Zariya, tun kafin a koma Shika. A can likita Farhang Tahzib ya bi takardun mata 1,443 da aka gani tsakanin 1969 da 1980, ya buga sakamakon a 1983. Kimanin kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Kashi 13 kuwa yankan gishiri ne, wato yankan da wanzami ko ungozoma ke yi wa mace a gaba da aska ko reza, idan haihuwa ta ƙi zuwa, ko amarya ta kasa zama da miji, ko al'ada ta ɗauke. Da yawa daga cikin matan ƙanana ne masu cikin fari. A wannan asibiti dai Margaret Murphy ta zauna da matan, ta rubuta a 1981 abin da ke biyo bayan ciwon: yadda miji ke mayar da yarinya gidan iyayenta, yadda zaman jinya ke rikiɗewa ya zama saki, yadda wari ke raba ta da taron biki da na suna.

Mutumin da ya fi cancanta a tsaya a kansa a wancan zamani shi ne Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Abonnema ta jihar Ribas, wanda ya zo Zariya a 1972. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a hannunsu, ɗaya bayan ɗaya, har 22,774. Kowace mace an rubuta shekarunta, tsawonta, haihuwa ta nawa ce, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, ta zo awon ciki ko kuwa ɗauko ta aka yi ranga-ranga. Mujallar likitocin mata ta Birtaniya ta ware wa aikin fitowa ta musamman a 1985, shekara biyu kafin taron Nairobi na 1987 inda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka ƙaddamar da shirin ceton rayukan masu haihuwa. Alƙaluman Zariya suna cikin hujjojin da aka riƙa kafawa a wancan lokaci.

Abin da suka nuna bai yi wa kowane ɓangare na gardamarmu daɗi gaba ɗaya ba. 'Yan ƙasa da shekara 16 sun fi shiga haɗari, haka ma gajeru, haka ma waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Wannan babu musu. Amma babban layin da ya raba masu rai da matattu shi ne awo. Mafi yawan waɗanda suka rasu, da tazara mai nisa, matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su bayan komai ya ɓaci. Yarinyar da aka bi cikinta tun farko, ta haihu a hannun ma'aikata, ta fi babbar macen da aka bari a ɗaka kwana uku samun tsira. Kuma matan da suka yi makaranta su ne suka fi zuwa awon. Daga nan Harrison ya kafe a kan cewa ilimin 'ya mace shi ne tushen magani.

Akwai wani gwaji na Zariya da nake ganin ya kamata kowace uwa da kowane miji su san da shi. Harrison da Alan Fleming, masanin jini ɗan Birtaniya, sun ba wasu 'yan mata masu cikin fari maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, suka haɗa wa wasu da maganin ƙarin jini. Da aka auna su, sai aka ga da yawa sun ƙara tsawo suna ɗauke da ciki, daga santimita 2 har zuwa 16. Ma'anar wannan ita ce jikin yarinyar bai gama girma ba lokacin da ta ɗauki ciki, ita da abin da ke cikinta suna rabon abinci ɗaya. Ma'ana ta biyu kuma, ƙwayoyi masu arha suna iya taimaka wa ƙashinta ya ci gaba da girma kafin ranar haihuwa. Mai kare auren wuri ba zai so ya ji ta farko ba. Mai ɗora komai a kan shekaru kuma yakan tsallake ta biyu.

Zariya ta yi lissafi, Katsina ta yi ɗinki. A ƙarshen 1983 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga, tsohon asibitin kutare da 'yan mishan suka kafa a bayan birnin Katsina. Aikin kuturta ya kawo shi. A 1984 ya fara ɗinke mata masu yoyon fitsari, labari ya bazu, mata suka riƙa zuwa daga ƙauyukan Katsina da Daura da tsallaken iyaka. Hikimar Allah, wurin da aka gina domin waɗanda jama'a ke ƙyama shi ne ya karɓi waɗansu da jama'a ke toshe wa hanci. Dokta Kees, yadda mutanen yankin ke kiransa, ba ya jiran manyan na'urori. Allurar ƙashin baya yake yi wa mace maimakon a bugar da ita, ya yi aikin ta ƙasa, ya rubuta komai dalla-dalla. A 1989 ya kare digirinsa na uku a Utrecht a kan mata 775 da suka bi ta hannunsa, daga baya ya fitar da tsarin rarraba ciwon gida uku, wanda likitoci a ƙasashe da dama ke aiki da shi. Ya riƙa zagaye tsakanin Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato, yana tsallakawa Nijar, har yawan ayyukan da suka bi ta hannunsa ya haura 20,000.

Inda ya saɓa wa magabata shi ne batun jira. Koyarwar da aka gada ita ce a bar mace wata uku bayan haihuwa, kumburi ya saɓe, mataccen nama ya gama zubewa, sannan a ɗinke, don kada ɗinkin ya warware. Hujja ce ta likitanci mai ƙarfi, manya sun tafi a kanta. Waaldijk ya duba abin da wata ukun nan ke yi wa yarinya 'yar shekara 15: a cikinsu ne miji ke juya baya, a cikinsu ne take rama, take daina shan ruwa don yoyon ya ragu, abin da ke ƙara mata ciwo. Sai ya fara sa wa mace robar fitsari da zarar ta iso, a ba ta ruwa ta sha da yawa. Wasu ƙananan ɓuloli suka rufe da kansu ba tare da wuƙa ba. Waɗanda ba su rufe ba, yakan ɗinke su da zarar wurin ya yi tsabta. A 2004 ya buga sakamakon mata 1,716 da aka bi ta wannan hanya a mujallar likitocin mata ta Amurka. A ganina gaskiya tana wajensa, domin ya sa rayuwar yarinyar cikin lissafi tare da raunin. Yau sa robar fitsari bayan doguwar naƙuda yana cikin abin da ake koya wa ungozomomi.

Kuskure ne a ba da labarin kamar Bature ne shi kaɗai a fagen. Matan Kano, ƙarƙashin jagorancin Hajiya Amina Sambo, su suka ɗauki maganar daga ɗakin tiyata suka kai ta gaban gwamnati da sarakuna, har aka kafa kwamitin ƙasa a kan ciwon a 1990. Sashen Laure na asibitin Murtala da masaukin Kwalli, inda ake koya wa matan sana'a bayan aiki, sun tsaya ne da hannun 'yan gida. Ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya da suka koyi aikin a Katsina da Kano su ne suke riƙe da shi yanzu.

To, mu koma ga tambayar rediyo. Masu cewa auren wuri ne sanadi suna da gaskiya rabi: ƙugun da bai gama buɗewa ba ya fi saurin riƙe kan jariri, yarinya kuma ba ta da bakin cewa a kai ta asibiti, ga kunyar ɗan fari da ke sa ta danne nishi har gari ya waye. Masu cewa babu ruwan aure su ma sun riƙe wani yanki: ana samun ciwon ga mai haihuwa ta bakwai, kuma duk naƙudar da aka katse da tiyata cikin sa'o'i kaɗan ba ta barin ɓula, ko shekarun uwar nawa. Likitocin tiyata sun fi jaddada wannan na biyu. Ni dai bayanin Harrison na fi gamsuwa da shi, saboda ya haɗa su a wuri guda. Yarinyar da aka bari a makaranta takan kai jikinta ya nuna kafin aure, kuma ita ce dai take sanin ranar awo, take iya cewa a nemo mota. Wanda ya ɗauki rabi ɗaya ya jefi abokin gardama da shi bai taimaki kowa ba a Babbar Ruga. Dokar shekaru kaɗai ba ta gyara hanyar ƙauye ko ta ajiye jini a asibiti, haka kuma gina ɗakin tiyata ba ya sauke wa uba nauyin aurar da 'yar shekara 13.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaddamar da gangamin kawar da ciwon a 2003. A farkon 2005 likitocin Najeriya da na Birtaniya da Amurka suka yi mako biyu suna aiki a Kano da Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, aka yi wa mata fiye da 500 tiyata. A 2008 likitocin wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, a shekarar kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Jahun. A 2012 aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi, ita ma a harabar asibitin kutare, da ƙoƙarin Lewis Wall, Ba'amurken da ya fara zama a karkarar Malumfashi yana nazarin magungunan Hausawa kafin ya zama likitan mata. Babbar Ruga kuma ta koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin cibiyar ƙasa.

Ɗinki ya samu masu gidansa, rigakafi ne har yau yake neman nasa. Mai karatu, idan akwai mai cikin fari a gidanku, ko ta zo goyon ciki wajen iyaye, a kai ta awo tun ciki yana ƙarami, a tabbata tana shan maganin ƙarin jini da na zazzaɓi, a san motar da za a kira da asibitin da ke yin tiyata tun kafin watan haihuwa ya kama. In naƙuda ta fara da safe har rana ta faɗi ba a sauka ba, kada a kira mai aska, kada a jira gari ya waye.